Tiyo Biyu ko Tiyo Ɗaya: Matsalar Kogin Marne da Hanyoyi Biyu da Aka Bi Aka Warware Ta

A watan Janairun 1943, Faransa na hannun sojojin Jamus, wani hafsan sojan ruwa mai suna Jacques-Yves Cousteau ya shiga kogin Marne da ke gefen birnin Paris, goye da tukunyar iska da wata 'yar na'ura ta daidaita iskar numfashi, wato regileta, da injiniya Émile Gagnan ya haɗa masa. Gagnan ma'aikacin kamfanin gas na Faransa mai suna Air Liquide ne, kuma asali ba don masu nutso ya ƙera na'urar ba. Yaƙi ya sa fetur ya yi wuya, mutane suka koma tayar da motoci da gas, shi kuma ya ƙera bawul ɗin da ke sakin gas daidai gwargwadon abin da inji ya zuƙa. Da suka haɗu da Cousteau a watan Disambar 1942, sai suka ga ai huhun mutum ma zuƙa yake yi, me zai hana a gwada.

Duk wanda ya taɓa ɗaura regileta a kan tukunyar gas ɗin girki ya san rabin zancen: abin da ke cikin tukunya a matse yake ƙwarai, aikin regileta shi ne ta karya ƙarfinsa ta sake shi a hankali. Tukunyar mai nutso a yau tana ɗaukar iska mai matsin bar 200 ko fiye, wato ninki ɗari biyu na matsin iskar da muke shaƙa a sarari. Sauran rabin zancen shi ne ya raba ta da ta girki. Regiletar nutso ba ta sakin iska sai an ja numfashi, kuma tilas ta sake ta daidai da matsin ruwan da ke kewaye da mutum, wanda ke sauyawa duk lokacin da ya yi ƙasa ko ya yi sama. Abin da ke auna mata wannan matsi wani faifan roba ne mai laushi, fuskarsa ɗaya na taɓa ruwa, ɗayar na kallon ɗakin iska. In mai nutso ya zuƙa, matsin ɗakin ya ragu, ruwa ya danna faifan, faifan ya danna liba, liba ta buɗe bawul, iska ta shigo. Da ya daina zuƙa, komai ya koma mazauninsa.

Na'urar da aka gwada a Marne tiyo ɗaya gare ta. Regileta na bayan Cousteau a kan tukunya, tiyon ya zagayo zuwa bakinsa, kafar fitar da numfashi kuma tana nan wajen baki. Yana kwance cikin ruwa yana iyo, numfashi lafiya lau. Da ya miƙe tsaye, sai iska ta ɓalle, tana ta kwarara ba ƙaƙƙautawa. Da ya kifa kai ƙasa ƙafafu sama, sai ta ƙi zuwa sai da kyar.

Dalilin yana cikin lissafin da duk mai nutso ya haddace. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsin bar 1, ke nan kowace santimita tana ƙara kusan milibar ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na bar. A takarda abin kamar ba komai ba ne, amma ƙirjin ɗan Adam ba shi da wani ƙarfin a-zo-a-gani wajen zuƙa. Wanda ya nutsa zurfin mita ɗaya kacal, ya ce zai shaƙi iskar sama ta dogon bututu, da kyar ƙirjinsa zai iya buɗewa. Regileta mai kyau kuwa tana buɗewa da zuƙar da ba ta wuce nauyin ruwa santimita 3 ba, ko kusa da haka. To idan Cousteau ya miƙe, bakinsa ya ɗara faifan bisa da kimanin taƙi guda. Ruwan da ke danna faifan ya fi wanda ke rufe kafar fitar da numfashi ƙarfi, saboda haka bawul ya buɗe da kansa, iska ta sami hanya ta sulale. In ya kifa kai, lamarin ya juye, faifan ya koma sama inda matsi bai kai ba, sai mutum ya yi ta fama kafin ya motsa shi.

Wannan taƙi guda shi ne tushen duk gardamar da masu nutso ke yi har yau a kan tiyo biyu da tiyo ɗaya.

Amsar Gagnan

Gagnan ya gane cewa dole faifan da kafar fitar da numfashi su zauna a zurfi ɗaya. Tun da faifan yana baya, sai ya mayar da kafar can. Ya ƙara tiyo na biyu, wanda ke ɗaukar numfashin da aka fitar daga baki ya kai shi cikin gwangwanin regileta, dab da tsakiyar faifan, inda zai fita ta wani bawul ɗin roba mai kama da bakin agwagwa. A watan Yunin 1943 Cousteau da abokansa biyu, Philippe Tailliez da Frédéric Dumas, suka gwada sabon samfurin a Bandol, a gaɓar Bahar Rum, ya yi aiki. Kafin shekarar ta ƙare Dumas ya kai zurfin mita 62 da shi. Bayan yaƙi, Air Liquide ya kafa reshe mai suna La Spirotechnique, wanda ya fara sayar da samfurin CG45 a 1946, a ƙasashen masu Turancin Ingilishi kuma aka raɗa masa Aqua-Lung. A 1955 Mistral ta fito, wadda ke sauko da matsin tukunya zuwa na numfashi a mataki ɗaya tak, kayan cikinta kaɗan ne ƙwarai, ba ta cika lalacewa ba.

Siffar da duniya ta fara sanin mai nutso da ita ke nan: gwangwani zagayayye a bayan wuya, manyan tiyo biyu masu gaɓa-gaɓa sun tsallako kafaɗu, na dama yana kawo iska, na hagu yana kwashe wadda aka fitar.

Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Tiyo na biyu ya hana iska zubewa, amma bai kusantar da faifan da huhu ba. Mai nutso yawanci a kife yake iyo, cikinsa na kallon ƙasa. A wannan kwanciya regileta na bisa bayansa, huhunsa na ƙarƙashinta, saboda haka tana ba shi iska da matsin da bai kai wanda ke kan ƙirjinsa ba, shi zai cike giɓin da ƙarfinsa a kowane numfashi. In ya juya rigingine, sai regileta ta koma ƙasa da shi, ta riƙa tura masa iska har kumatunsa su cika. Ƙwararrun wancan zamani sun san maganin: a sassauto da tukunya ƙasa, gwangwanin ya zauna tsakanin allunan kafaɗa, ya manne da baya, kada a bar shi yana reto. Wanda ya ɗaura ta sama kusa da ƙeya, yadda ake ɗaura ta zamani, zai fito yana cewa tiyo biyu ba ya ba da iska. Da yawa daga cikin zagin da ake yi wa wannan na'ura daga nan ya samo asali, kuma laifin maɗauri ne.

Akwai kuma batun ruwa. Tiyon nan faɗi gare su, iskar cikinsu kuma matsinta daidai yake da na ruwan waje. Da robar baki ta kuɓuce, ruwa ya cika su. A samfuran farko babu abin da ke tare shi, sai a tsakiyar shekarun 1950 aka fara sa ƙananan bawul a gefe biyu na robar baki, masu barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Ko da su, korar ruwa sai an koya: ko dai ka mirgina ta hagu yadda tiyon fitarwa zai koma ƙasa sannan ka hura, ko ka ɗaga robar baki sama da regileta har iska ta ɓalle da kanta, ka sauko da ita bakinka tana zuba. Babu maɓallin da za ka danna. A saman ruwa ma, in ka saki robar baki, tiyon zai taso sama da gwangwanin, iskarka ta yi ta tafiya a banza. Idan kuma abokin nutsonka iskarsa ta ƙare, kuna buƙatar karɓa-karɓa da robar baki ɗaya wadda ke ɗaure da gajerun tiyo biyu, fuska da fuska, kowane miƙo sai an kori ruwa. Ana iya yi, an kuma yi, amma ba aikin ɗan koyo da tsoro ya kama ba ne.

Abin da regileta mai tiyo biyu ta fi kowa a kai shi ma bai ɓuya ba. Kumfa a bayan kai take fita, ba ta wucewa ta gaban ido, ba ta rugugi a kunne, kifi ba ya saurin firgita. Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa sun ƙaunace ta saboda wannan. Baki ba ya ɗauke da ƙarfe. Sannan bawul da liba suna can baya cikin busasshen ɗaki, nesa da damshin numfashi, abin da zai yi amfani ƙwarai a ruwan ƙanƙara.

Amsar Eldred

A can Melbourne ta ƙasar Ostireliya, wani mai suna Ted Eldred ya fara ne da ƙera na'urar da ke sake sarrafa numfashi da zallar iskar oksijin. Irin wannan na'ura ba ta zurfi ba ce, domin zallar oksijin tana zama guba ga jiki da an wuce 'yan mitoci, tana iya sa mutum farfaɗiya a cikin ruwa. Sai ya juya ga matsattsiyar iska ta yau da kullum. A nan ya tarar da shinge biyu. Aqua-Lung ba ta samuwa yadda ake so a Ostireliya, kuma takardar haƙƙin ƙirƙira ta Cousteau da Gagnan ta hana kowa kwaikwayon tsarin nan na dawo da numfashi baya kusa da faifai.

Eldred ya ɗauki ƙa'idar da Gagnan ya gano, ya bi ta ɗaya gefen. In dai sharaɗin shi ne faifai da kafar fitarwa su zauna wuri ɗaya, ai ba dole sai kafar ce za ta je wajen faifai ba, faifan ma zai iya zuwa wajen kafar. Ya raba regileta gida biyu. Mataki na farko ya zauna a kan tukunya, aikinsa kawai ya karya matsin tukunya zuwa wani matsakaici. A regiletocin yau wannan matsakaicin yana kaiwa bar 9 zuwa 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye. Daga nan siririn tiyo ɗaya mai ƙwari ya ɗauki iskar zuwa mataki na biyu, wanda ke bakin mai nutso, kuma a cikinsa faifai da liba da kafar fitarwa duk suke, tsakaninsu bai wuce faɗin yatsu ba. Ya sa wa na'urar suna Porpoise, kamfaninsa Breathing Appliances ya fara sayar da ita a 1952, daga baya sojojin ruwan Ostireliya suka karɓe ta.

Ba shi kaɗai wannan tunani ya zo wa ba. A Amurka E. R. Cross ya yi tasa mai tiyo ɗaya a farkon shekarun 1950, a Faransa ma an yi Cristal a tsakiyar shekarun, wadda aka sayar a Amurka da sunan Aquamatic, sannan Waterlung ta kamfanin Sportsways ta fito a 1958 ta samu kasuwa. Abin da ya sa labarin Eldred ya fi jan hankali shi ne yadda ya ƙare: a 1960 Air Liquide, mai riƙe da haƙƙin da ya kauce wa, ya saye kamfaninsa.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin masu tallan tiyo ɗaya sukan tsallake ta. Kawo faifai baki bai shafe tazarar da ke tsakaninsa da huhu ba, ya dai sauya mata wuri. In mai tiyo ɗaya ya miƙe tsaye a cikin ruwa, bakinsa na sama da tsakiyar huhunsa da fiye da taƙi, saboda haka shi ma yana jan numfashi da nauyi. In ya ɗaga fuska yana kallon sama, zai ji ta ƙara tauri. Sa'arsa ita ce, a kwanciyar da ake yawan iyo, a kife, baki da huhu kusan layi ɗaya suke, ko ma bakin ya ɗan fi ƙasa. Wato tiyo ɗaya yana da daɗi a inda mai nutso ya fi daɗewa, tiyo biyu kuma a nan ne ya fi wahalarwa. Bambancin numfashin ke nan, kuma a ganina bai kai girman da ake ba shi ba.

Abin da ya yanke hukunci

Da daɗin numfashi ne kaɗai ma'auni, da an daɗe ana jayayya, domin regiletoci masu tiyo ɗaya na farko da dama ba su kai masu tiyo biyu irin su Mistral ko Aqua-Master ta Amurka sakin iska a zurfi ba. Abin da ya kayar da tiyo biyu shi ne waɗansu abubuwa da suka zo daga baya, waɗanda ba su ma kasance ba lokacin da Gagnan ke zanensa.

Mai nutso na shekarun 1950 yawanci ba shi da gejin da zai duba ya ga sauran iskarsa. Abin da yake da shi wata 'yar sanda ce a gefen tukunya: in numfashi ya fara tauri, alamar saura kimanin bar 20, sai ya ja ta, ragowar ta buɗe, ya kama hanyar sama. In sandar ta riga ta jawu da kanta a hanya bai sani ba, to babu ragowa. Da geji mai shiga ruwa ya bazu, sai aka buƙaci kafar da za a ɗaura shi. Da rigar daidaita nauyi ta zo, wadda ake hura wa iska don mutum ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ita ma tana son tiyonta daga tukunya. Haka busasshiyar rigar sanyi. Haka robar baki ta biyu da ake rataye wa don abokin da iskarsa ta ƙare, wadda masu nutson kogo suka fara yayatawa kafin ta zama ƙa'ida a makarantun koyarwa. Mataki na farko na mai tiyo ɗaya ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai ɗauke da matsakaicin matsi, huda masa kafa huɗu ko biyar ba wani aiki ba ne. Tsohon gwangwanin tiyo biyu ba a yi shi da wannan niyya ba. Mistral ma ba ta da matsakaicin matsi sam, tun da mataki ɗaya take. An yi dabaru, kamar wani zoben ƙarfe da ake sakawa tsakanin bakin tukunya da regileta don a samu wurin geji, amma ciko ne.

Ga kuma maɓallin korar ruwa. Da yake faifan yana gaban bakinka, yatsa ɗaya ya isa ka danna shi, iska ta feso ta kori ruwa. Malamin da ke da ɗalibai goma a wurin wanka, waɗanda yawancinsu hutu suka zo, wannan maɓalli kaɗai ya ishe shi dalili. A daidai lokacin nutso yana tashi daga sana'ar sojoji da 'yan tsiraru masu ƙarfin hali yana zama nishaɗin jama'a, kasuwa kuma tana bin mai koyo ne. Ƙara da cewa tiyo ɗaya ya fi arha a ƙera, ya fi sauƙin wankewa. Manyan tiyon roba suna tara damshi da yawu a lunguna, in ba a cire su an shanya ba su yi funfuna, in sun tsufa su tsage.

Zuwa farkon shekarun 1970, U.S. Divers, wanda ya fi kowa sayar da Aqua-Lung a Amurka, ya daina ƙera regiletarsa mai tiyo biyu, Royal Aqua-Master. Kamfanin Nemrod na Sifen ya ci gaba da fitar da tasa mai tiyo biyu, Snark III, har cikin shekarun 1990, kusan shi kaɗai.

Inda mai tiyo biyu ta daɗe tana riƙe da wuri shi ne ƙarƙashin ƙanƙara. Iska in ta fito daga matsi ta buɗe, sanyi take yi sosai. A ruwan da ya riga ya kusa daskarewa, wannan ƙarin sanyin yana iya mayar da ɗigon ruwa ƙanƙara a kan bawul, ya hana shi rufewa, tukunya ta zube cikin 'yan mintuna. Mataki na biyu na mai tiyo ɗaya kullum cikin jiƙa yake, ga ruwan teku, ga tururin numfashi, duk a ɗaki ɗaya da liba. Shi ya sa masu binciken kimiyya na Amurka a tashar McMurdo ta Antatika, inda ruwan teku ke ƙasa da sifiri da kusan digiri 2, suka ci gaba da amfani da tiyo biyu shekaru da dama bayan kowa ya bar shi. Sai a farkon shekarun 1990 suka sauya zuwa tiyo ɗaya, bayan tsofaffin sun gaji, kayan gyaransu sun yi wuya, sababbin kuma an koyi yadda ake kare su daga daskarewa. Yau ma'aunin Turai na EN 250 yana gwada regileta a zurfin mita 50 da numfashin lita 62.5 a minti, wadda kuma za a shiga ruwan da bai kai digiri 10 ba da ita sai ta ci gwaji a ruwa mai digiri 4. Masu tiyo ɗaya da yawa suna cin wannan gwaji.

Wani zai ce ai har yanzu yana ganin sojojin ruwa da masu zurfin nutso da manyan tiyo biyu a kafaɗa. Waɗannan yawanci na'urorin sake sarrafa numfashi ne, irin wadda Eldred ya fara da ita. Numfashin yana zagayawa ne a cikinsu, a tace shi a ƙara masa oksijin a dawo da shi, ba a zubar da shi cikin ruwa. Kamannin waje ne kawai suka haɗa su da Aqua-Lung.

A 2005 kamfanin Aqua Lung ya gwada dawo da tiyo biyu, ya fitar da sabuwar Mistral. An gina ta a kan mataki na farko irin na zamani, mai kafofin geji da riga da robar baki ta biyu, ke nan an toshe babban giɓin da ya kayar da ta da. Duk da haka ba ta yi kasuwa ba, cikin 'yan shekaru kaɗan aka daina ƙera ta. Masu nutson da suka saye ta sun ɗaura ta a kan rigunan zamani, waɗanda ke ɗaga tukunya sama kuma su nisanta ta da baya, wurin da faifai bai kamata ya zauna ba. Waɗanda suka rage da tiyo biyu yanzu su ne wasu masu ɗaukar hoto da masu sha'awar tsofaffin kaya, kuma akwai ƙananan masana'antu da ke yi musu sababbin tiyo da faifai na silikon, da kayan ciki masu kafofin haɗi da ake sakawa a tsohon gwangwanin Aqua-Master. Mai son gwada ta, abu na farko da za su ce masa shi ne ya ajiye rigarsa ta zamani, ya nemi maɗaurin da zai sauko da tukunyar tsakanin kafaɗunsa, ya kuma koyi korar ruwa a wuri marar zurfi kafin ya shiga teku.